Asirin da Mamaci Ya Rufe: Ko Jika Na da Ikon Tonawa?

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Su ne kuma ke cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun ina yaro nake jin waɗannan karin magana guda biyu, amma ban taɓa zaton wata rana za su tsare ni su ce sai na zaɓi ɗaya ba, sai da neman ilmi ya kai ni birnin Leeds a ƙasar Ingila. Abin da ya same ni can shi ne makasudin wannan 'yar maƙala. Tambayar da nake so 'yan'uwana ɗalibai da malamaina su taya ni dubawa kuwa ita ce: idan mutum ya rufe wani asiri har ya shiga kabari da shi, shin jikansa na da ikon tonowa?

Na yi haya ne a gidan wata tsohuwar Baturiya da ta ba shekara 80 baya. Iya nake ce mata, ita kuma ta kan ce mini ɗana. Wani dare cikin hunturun 2022 ta ce, "Ɗana, idona ya yi rauni, ga shi ban iya kwamfuta ba. Ka taimake ni in nemo dangin kakana." Abin da ta sani game da shi bai taka kara ya karya ba. Mahaifin mahaifinta ne, mutumin Bradford, ya yi aiki a masaƙar ulu, kuma a gida ana cewa shi ne autan iyayensa, wanda suka samu bayan sun tsufa.

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi wa mai karatu bayanin inda Bature ke neman asalinsa. Mu a nan, in kana son sanin tushenka sai ka durƙusa gaban tsofaffi, ko ka saurari maroƙa. Shi kuwa takarda yake tambaya. Tun 1801 ake ƙidayar jama'a a Ingila duk bayan shekara 10, in ban da 1941 da yaƙin duniya na biyu ya hana. Ƙidayar 1841 ce ta fara rubuta sunan kowa da kowa. Daga 1851 aka ƙara da dangantakar kowane mutum da maigida, da ko yana da aure, da garin da aka haife shi. Akan gaya wa jama'a cewa abin da suka faɗa sirri ne, kuma bisa ƙa'ida akan rufe takardun har shekara 100. Saboda haka ne sai a watan Janairu na 2022 aka buɗe ta 1921. Ta 1931 kuwa gobara ta cinye ta a 1942. Asalin takardun na Gidan Adana Takardun Tarihi da ke Kew a Landan, amma an ɗauki hotonsu, ana dubawa ta intanet.

To, muka fara. A ƙidayar 1881 muka same shi yana ɗan shekara 3, an rubuta shi "ɗa". Maigida na da shekara 58, matarsa 55, akwai kuma 'yarsu mai shekara 21, ba ta da aure. A ta 1891 tsohon ya rasu, tsohuwar ce ke riƙe da gida, yaron ya kai 13 har ya shiga masaƙa. Amma a wannan karon "jika" aka rubuta shi. Ruwa ba ya tsami banza. Na yi lissafi, na ga in dai tsohuwar nan ce ta haife shi, to, tana da shekara 52 ta haihu ke nan. Muka aika aka kawo mana takardar haihuwarsa, domin tun 1837 hukuma ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Da na buɗe, sai ga sunan yarinyar nan a gurbin uwa, gurbin uba kuwa wayam. Wurin haihuwa kuma gidan gajiyayyu, watau inda ake tara matalauta a ba su abinci da makwanci su biya da aikin wahala.

A nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na tashi tsaye kamar maharbin da ya kayar da barewa, na ce, "Iya, na kama su! Ƙarya suka yi, yayarsa ce ta haife shi." Tsohuwa ba ta ce uffan ba. Ta cire tabarau ta ajiye, ta daɗe tana kallon bango. Can ta ce, "Ɗana, ka kama su da laifin me?" Na rasa amsa.

Washegari muka buɗe ta 1911. Wannan ita ce ƙidaya ta farko da aka adana ainihin takardar da kowane maigida ya cika da hannunsa, don waɗanda suka gabace ta kwafin malamin ƙidaya ne kawai ya rage. Ga rubutun kakan nata, ga sa hannunsa. Yana da shekara 33, da matarsa, da ɗansa mai shekara 2, watau mahaifin Iya. A layin ƙarshe akwai mace mai shekara 51, ba ta taɓa aure ba, ya rubuta ta "'yar'uwa". A 1921 ma tana nan a gidansa, tana da shekara 61, har yanzu "'yar'uwa". Shin ya san ita ta haife shi, ya rufa mata asiri? Ko kuwa ta zauna a gidan ɗanta, tana goyon jikokinta, ba ta taɓa jin an kira ta uwa ba? Takarda ba ta faɗa ba, ba kuma za ta taɓa faɗa ba.

Yanzu sai mu koma kan tambayarmu. Masu cewa a tona suna da hujjoji masu ƙarfi. Na farko, za su ce mamaci ba ya jin kunya, tsegumi ba ya hana shi barci, don haka ba wanda aka cuta. Na biyu, asali ba na kaka ba ne shi kaɗai. Jinin da ke jikin Iya nata ne, tana da haƙƙin sanin inda ya fito. Na uku, wadda ta fi tsaya mini a rai, ita ce talaka ba shi da marubuci. Sarakuna da attajirai an cika littattafai da labarinsu, amma yarinyar da ta haihu a gidan gajiyayyu ba inda sunanta ya fito sai a irin waɗannan layuka. In aka ce kada a duba, an binne ta sau biyu ke nan. Bugu da ƙari, rufin asirin nan ita ya fi danne wa haƙƙi, tun da shi ya raba ta da sunan uwa.

Masu cewa a bari su ma ba wofi suke ba. In da gaske mamaci ba shi da haƙƙi, don me muke zartar da wasiyyarsa, muke biya masa bashi, muke jin zafi in an zage shi? Ai kuwa duk wannan shaida ce cewa mutuncin mutum ba ya bin gawarsa cikin rami. Sa'an nan mutanen nan an ce musu sirri ne. Ko alkawari na ruɓewa don ya shekara 100? Har wa yau, ba da wasa suka yi ƙaryar nan ba. Dokar matalauta ta 1834 ta ɗora nauyin ɗan da aka haifa ba aure a wuyan uwarsa, kuma ko da yake an sassauta ta daga baya, ƙyamar jama'a ba ta sassauta ba. Daga 1875 ba a rubuta sunan uban irin wannan ɗa sai in shi da kansa ya zo wurin rajista. Dokar ɗaukar ɗa riƙo a hukumance kuwa ba a yi ta a Ingila ba sai 1926. Ashe ke nan tsofaffin nan ba su da wata garkuwa da za su kare 'yarsu da jikansu da ita, sai kalma ɗaya da suka faɗa wa malamin ƙidaya. Wane ne ni da zan zo bayan shekara 140, daga wata uwa duniya, in fizge wannan garkuwa?

A nawa ɗan guntun tunani, rikicin ya taso ne saboda mun cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: sani, da hukunci, da yaɗawa.

Game da sani, ina ganin jika na da iko. Ba ɓarawo ba ne da ya haura katanga, magaji ne da ya buɗe akwatin gado. Amma kowa ya ci gado ya ci da bashin da ke kansa. Asirin da ya tarar bai tashi daga zama asiri ba, hannu kawai ya sake. Da amana ce a hannun kaka, yanzu ta zama amana a hannun jika.

Game da hukunci kuwa, ba shi da iko ko kaɗan, kuma a nan ne na yi tuntuɓe. Takardar ƙidaya hoton dare ɗaya ce cikin shekara 10. Tana faɗin wanda ya kwana a gidan, ba ta faɗin wanda ya kwana yana kuka. Ba ta gaya mana ko yaudarar yarinyar aka yi, ko ƙarfi aka fi ta, ko mai niyyar aurenta ne ya mutu. Alƙalin da ya yanke hukunci da shaida irin wannan, alhali wanda ake tuhuma ba shi da bakin kare kansa, azzalumi ne. Na kira su maƙaryata don kalma ɗaya ta saɓa wa takardar haihuwa, na manta da abin da sauran layukan ke shaidawa: ba su kori 'yarsu ba, ba su bar jariri a gidan gajiyayyu ba, kuma yaron da ya girma bai yar da matar nan ba har tsufanta. Akwai gaskiyar takarda, akwai gaskiyar aiki. Wanda ya tsaya kan ta farko kaɗai ya san lissafi, bai san mutane ba.

Game da yaɗawa, ma'aunin da na ga ya dace shi ne mutum ya tambayi kansa: da mamacin nan zai tashi ya ji yadda nake ba da labarinsa, zai ce na mutunta shi ko na tozarta shi? Kuma wane mai rai ne maganar za ta taɓa? In faɗar za ta mayar wa wani haƙƙinsa, a faɗa. In kuwa don a ce wane ya iya bincike ne kawai, to, a tuna kaza garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce su kaɗai. Mu ɗalibai ne, an ɗora mana bincike. Muna zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, muna buɗe tsofaffin littattafan kotunan alƙalai, muna ɗaukar maganar tsofaffi a rakoda. Ba a soke bauta ɗungurungum a dokar Arewa ba sai 1936, kuma kowa ya san akwai gidajen da har yanzu kalmar "asali" kan tsinka maganar aure. Ɗalibin da ya ci karo da sunan kakan wani cikin shari'ar fansar kai, ko ta ƙin ciki, yana riƙe da abin da zai iya rusa gida. Ba na cewa a daina bincike, domin al'ummar da ke tsoron tarihinta ba ta warkewa daga ciwonsa. Cewa nake yi a rubuta abin da ya faru don a fahimce shi, a sakaya sunan da bayyana shi ba zai ƙara ilmi ba sai dai ya ƙara gori. Takardar digiri ba ta kai mutuncin gidan wani daraja ba.

Daga ƙarshe, ga abin da Iya ta yi. Ta ɗauko babbar takardar da take zana rassan danginta, ta nemi sunan matar nan, ta rubuta "uwa" a ƙarƙashinsa da hannunta mai makyarkyata. Ta ce, "An daɗe ana riƙe mata wannan suna, yau na biya ta." Ba ta yarda a sa a intanet ba, 'yarta kaɗai ta kira ta gaya wa. Da zan dawo gida na nemi izninta in ba da labarin, ta ce, "Ka bayar, ɗana, amma ka bar musu sunayensu." Shi ya sa mai karatu bai ga suna ko ɗaya ba a nan.

Wannan shi ne iyakar abin da na hango, ƙila wani ya hango abin da ya fi shi, filin mujallar nan kuwa a buɗe yake. Abin da na tabbata kawai shi ne, wata rana mu ma za mu zama layi ɗaya cikin wani littafi, wani jika da ba mu taɓa gani ba ya zo ya buɗe. Yadda muke so ya yi mana, haka ya kamata mu yi wa na gabanmu. Allah ya rufa mana asiri, muna raye da bayan ranmu.