Haƙƙin wanda ba ka gani

Ƴan'uwana ɗalibai, a hutun damina da ya wuce na ji wani mutum yana zagin wanda bai taɓa gani ba, bai ma san ko yana raye ba. Mai zagin ɗan kawuna ne, Yaya nake ce masa. Ya karanta ilimin kwamfuta, sana'arsa rubuta manhaja, yana zaune gida a Gazawa, masu ba shi aiki kuwa suna Maraɗi da Yamai. Wanda ake zagin shi ne mutumin da ya yi wani aiki a kwamfuta fiye da shekara 20 da suka wuce, aikin ya faɗo hannun Yaya. Tun ranar nake juya tambaya guda a raina: mi ke kanmu game da mutumin da aiki ya haɗa mu da shi, alhali ido bai haɗa mu ba?

Ga yadda abin ya faru. Wata cibiyar yaƙi da jahilci a yankin Agye ta samu sabbin kwamfutoci, sai ta nemi a kwaso mata abu biyu daga tsohuwar na'ura: ƙananan littattafan karatu na Hausa, da manhajar da ake rubuta sunayen masu koyo. Da yake ni harshe nake karantawa, Yaya ya ce in zo in duba masa rubutun. Muka buɗe littafin farko, sai ga "qasa" a wurin ƙasa, "xaki" a wurin ɗaki, "vera" a wurin ɓera. Littafi na biyu ya fi muni, domin duk inda harafi mai ƙugiya ya kamata ya fito, wata alama ce ta daban ke zaune.

Dalilin ba boyayyen abu ba ne ga wanda ya san yadda na'ura ke ajiye rubutu. Kwamfuta lamba take ajiyewa, kowane harafi da lambarsa, sannan zubin haruffan da ka zaɓa shi ke zana siffar da ido ke gani. Mutanen da sun rasa ƙ da ɗ da ɓ a na'urarsu, sai suka yi dabara: suka ɗauki q da x da v, waɗanda Hausa ba ta amfani da su, suka sake zana su da ƙugiya. Muddin zubin nan na musamman yana cikin na'urar, rubutu lafiya lau. Ranar da ya ɓace, kowane harafi ya koma gidan ubansa. Na ce, "Yaya, ai da sauƙi, a umurci na'ura ta maida duk v ta zama ɓ." Muka gwada a wani littafi na kiwon lafiya, sai kalmar Faransanci vaccin ta koma ɓaccin, quinine ta koma ƙuinine.

Manhajar sunayen kuwa da Visual Basic 6 aka rubuta ta, kayan aikin da Microsoft ya fitar a 1998, ya kuma daina kula da shi a 2008. Irin waɗannan manhajoji ana haɗa su ne da ƙananan gaɓoɓi da wasu suka ƙera, ɗaya na zana jadawali, ɗaya na fitar da takarda. Gaɓa guda ta ƙi zama a sabuwar na'ura, kuma ba a san inda za a samo wata ba, kamar babur ɗin da aka daina shigo da piyes ɗinsa. Nan ne Yaya ya ture kujera ya ce, "Wane irin mahaukaci ne ya yi wanga aiki? A zubar da shi duka, in rubuta sabo!"

Na fahimci fushinsa, amma ban yarda da hukuncinsa ba. Tsarin lambobin haruffa na ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kuma don Turanci aka yi shi. Tsarin Unicode, wanda ya ba ƙ da ɗ da ɓ da ƴ lambarsu ta kansu, sai a 1991 ya fito, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya iso na'urorin ƙananan ofisoshi irin namu. Mutumin da ya maida q ta zama ƙ yana da zaɓi biyu: ya yi dabarar nan, ko ya buga wa manoma littafin da bai bambanta baki da baƙi ba, bai raba kafa da ƙafa ba. Ya zaɓi ya kare harshen da abin da ke hannunsa. Mu da muke da ƙugiyoyin a cikin wayarmu, nawa ne daga cikinmu ke damuwa su sa su in suna rubuta saƙo?

Sha'awar rushewa a sake gini ma ba Yaya ya fara ta ba. A 1998 kamfanin Netscape ya yanke shawarar watsar da tsohuwar manhajarsa ta shiga intanet ya rubuta sabuwa daga tushe. Sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. A watan Afrilu na 2020, lokacin korona, gwamnan jihar New Jersey a Amurka ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen kwamfuta na 1959, domin tsarin biyan marasa aikin yi a kansa yake tafiya. Tsohuwar manhaja tana da muni ne sau da yawa saboda kowane faci da ke jikinta wata matsala ce da aka taɓa cin karo da ita aka toshe. In ka zubar da ita ba tare da ka karanta facin ba, za ka sake faɗawa ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Mu ƴan yankin Maraɗi bai kamata a koya mana wannan ba. Shekara da shekaru ana kawo dashe daga gandun itace ana shukawa yana mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin nan suka maida hankali ga kututturan da ake sassabewa kowace shekara. Saiwarsu na raye a ƙasa. Aka fara barin tsiro mafi ƙarfi, ana datse sauran, sabara da kalgo suka tashi. Ƙauyen Ɗan Saga da ke cikin Agye ya yi suna a kan haka, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Manomin da ya yi haka bai bar kowane tsiro ba, ya yanke da yawa. Sai da ya tsuguna ya duba kafin ya sa adda.

To, mu ina za mu tsuguna mu duba? Babu ko layi guda da aka rubuta na bayanin wane littafi aka buga da wane zubi. Bayan sati uku muna lalube, aka ce mana tsohon sakataren cibiyar yana nan da rai, ya yi ritaya ya koma garinsu a yankin Gidan Runji. Yaya ya kira shi, rezo na yankewa, tsohon ya ce, "Ɗana, wanga magana ba ta waya ba ce. Taho ka zamna." Muka hau mota daga Gazawa, muka wuce Agye da Maraɗi, muka nausa yamma. Muka gaishe shi, aka kawo ruwa, aka ɗora shayi. Yaya ya buɗe kwamfuta ya ce, "Baba, ga abin da ya gagare mu." Tsohon ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Ai waɗanga ni na buga su a na'ura ta hwarko. Waɗancan wata ɗiya ce da munka ɗauka daga baya, ita wani zubi ta kawo. Waɗanda kake ganin 'y a cikinsu, kahin dokar rubutu ta 1999 ne, bayan nan munka koma ƴ." Kafin la'asar mun rarraba littattafan kashi uku, kowane kashi da maganinsa. A kan hanyar dawowa Yaya bai ce uffan ba har Maraɗi.

Tafiyar nan ce ta nuna mini cewa rigimar tsohon aiki da rigimar da ake yi yanzu a kan aiki daga gida ko daga biro, tushensu ɗaya. Ku dubi hujjar Yaya ta zama gida, don tana da ƙarfi. Kuɗin hayar ɗaki a Yamai ya isa ya ciyar da gidansu. Mahaifiyarsa ta manyanta, shi ke kai ta likita. Da damina yakan leƙa gona da safe kafin ya zauna gaban na'ura. Iyayenmu sun san cin rani, a bar gida bayan girbi a tafi Kano ko Legas ko Agadas a nemo abin rufin asiri. Shi nasa cin ranin yana yin sa ne a ɗakinsa, ba wanda ya yi kewarsa. Akwai kuma wata da muka yi makaranta tare, gwana ce a lissafi, gidansu ba za su taɓa barin ta ta zauna ita kaɗai a birni ba. In babu aikin nesa, ita da aiki sai dai labari.

Amma hujjar ɗaya ɓangaren ma ba ta wasa ba ce. Wutar da muke kunnawa a nan daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wuta a farkon Agusta, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. A watannin nan wanda ke da pano da batir ne kaɗai ya ci gaba da aiki daga gida. Kenan ƴancin zama gida ma gata ne, ba kowa ke da shi ba. Abu na biyu ya fi damuna: a ina yaro sabon shiga zai koyi aiki? Yawancin abin da muka iya, a gefen wani muka tsince shi, muna kallon hannunsa, muna jin yadda yake tsaki in ya ga kuskure. Abin da tsohon Gidan Runji ya ba mu a zama guda, sati uku na saƙonni bai ba mu ba.

Sai dai kar mu yi saurin cewa biro ya ci gasa. Mi ya sa ilimin ya maƙale a kan mutum guda tun farko? Saboda a biro kowa na ganin kowa, in ka manta sai ka juya ka tambaya, ba wanda ya ga dalilin rubutawa. Zaman tare shi ya haifi shirun da ya wahalar da mu. Da Allah ya ɗauki ran tsohon nan bara, da rabin littattafan sun bi shi. Uzuri nake ba shi a kan q da x da v, kuma ina jinjina masa. A kan rashin barin bayani kuwa, da shi da shugabanninsa suna da laifi, ko da yake laifi ne da mu ma muke aikatawa kullum.

Ga inda na tsaya. Wanda ya riga ka a aiki yana nesa da kai a zamani, abokin aikinka na Yamai yana nesa da kai a wuri, wanda zai gaje ka kuwa wataƙila yanzu yake aji ɗaya a firamare. Dukkansu ba ka ganin fuskarsu, shi ya sa yake da sauƙi ka zage su ko ka manta da su. Haƙƙinsu a kanka iri biyu ne. Na baya, ka kyautata masa zato har sai ka san halin da ya yi aiki a ciki, sannan ka yanke abin yankewa. Na nesa da na gaba, ka bar musu bayani a rubuce, yadda za su gane ba sai sun neme ka ba. Aiki amana ne, kuma amanar ba ta ƙarewa ranar da aka biya ka. Wanda ya zaɓi zama gida bai ci amanar kowa ba, matuƙar zai biya da alƙalami abin da zaman biro ke bayarwa da baki, kuma matuƙar zai tashi ya hau mota ranar da magana ta zama ba ta waya ba. Wanda ke biro shi ma kar ya ɗauka zuwansa kullum ya sauke masa nauyin rubutu.

A ƙarshe Yaya ya sake rubuta manhajar sunayen, don gaɓar nan ba ta gyaruwa, amma sai da ya karance tsohuwar layi-layi. A ciki ya tarar da wani gurbi da da farko ya ɗauka shirme ne: wurin rubuta sunan mai gida ko na unguwa kusa da sunan mai koyo. Ashe a aji guda ana iya samun mata huɗu masu suna ɗaya, babu takardar haihuwa da za ta bambanta su. Ya bar gurbin yadda yake. Littattafan kuma muka maida su Unicode, muka rubuta shafi biyu da Hausa da Faransanci: abin da muka tarar, abin da muka canza, da abin da muka kasa. Kofi ɗaya na cikin na'ura, ɗaya mun manna a cikin ƙofar kabad, ɗaya mun aika wa tsohon.

Mu masu karatun harshe, wannan ya shafe mu kai tsaye. Da yawanmu muna naɗar tatsuniyoyi da kirari daga bakin kakanni a waya. Ɗan'uwa, buɗe wayarka yau ka duba: ka rubuta garin da ka naɗa, da ranar, da irin Hausar mai maganar, da ko ta yarda a yaɗa muryarta? In ba ka rubuta ba, nan da shekara 20 wani yaro zai zauna gaban abin da ka bari yana tambayar wane mahaukaci ne ya yi wanga aiki. Ni dai na duba tawa, na tarar da murya 14 da ban san ko a Agye ko a Tibiri na ɗauke su ba. Hutu mai zuwa sai in koma in tambaya, in masu muryar suna nan. Allah ya sa mu dace.