Wa Ke Yanke wa Kwamfuta Ajali?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, ba ta hawa kan kowane inji. Sai wanda madabod ɗinsa, wato babban allon nan da duk sassan kwamfuta ke maƙale a kansa, yake da abin tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma furosesarsa, in ta Intel ce, ba ta girme wa ƙarni na takwas ba, wanda ya fara fitowa a 2017. Tun a ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashen cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya komawa bola saboda wannan sharaɗi. To amma washegarin 14 ga Oktoban, a shagunan buga takardu na Takur da sauran unguwannin Dutse, an danna maɓalli, fanka ta juya, injuna sun tashi kamar yadda suka tashi jiya. Ba abin da ya ƙone a cikinsu. A nan tambaya ta taso, kuma tambaya ce ta addini kafin ta zama ta fasaha: idan kaya yana aiki amma wanda ya ƙera shi ya ce kwanansa ya ƙare, shin mai shi yana da hujjar yar da shi?

Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, lokacin da jihohi da dama ba su ma fara maganar ba. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da mayar da jarrabawar JAMB kacokan kan kwamfuta a 2015 sun ƙara buƙatar injuna a gari. Sai dai akasarin kwamfutocin tebur da ke ɗaukar wannan nauyi na gwanjo ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, waɗanda suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka a Legas, suka biyo ta Kano. Ke nan an riga an taɓa yi musu jana'iza sau ɗaya a can, suka zo nan suka ƙara shekaru suna ciyar da iyali. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa ranar da kamfani ya sanar ita ce ranar mutuwa.

Musulunci yana da magana a kan wannan, ko da yake ba da sunan kwamfuta ba. A hadisin Mughira bin Shu'uba da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an lissafa tozarta dukiya cikin abubuwa uku da Allah yake ƙi ga bayinsa. Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta haɗa masu almubazzaranci zumunta da shaiɗanu. Yawanci idan aka karanta waɗannan nassoshi a wurin wa'azi, hankali yana tafiya ne kan bikin da aka yi liƙi ko abincin da aka zubar. Amma tozartawa ta fi haka faɗi. Duk wanda ya raba dukiya da amfaninta ba tare da dalili ba ya tozarta ta, ko da bai kashe sisi ba. Injin da aka jingine a lungun ofis ƙura tana cinsa, alhali abin da ke damunsa bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, dukiya ce da aka tozarta cikin shiru. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da hannunsa. Gyara ba abin kunya ba ne a wannan addini.

Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce dalili, kuma ba a samun dalili sai an buɗe murfi an duba. A kan kowace madabod akwai wani ɗan batir zagayayye mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Aikinsa riƙe agogo da saitin BIOS lokacin da inji yake kashe. Idan ya mutu, kwamfuta takan farka tana zaton ana wata shekara da ta daɗe da wucewa, shafukan intanet su ƙi buɗewa saboda kwanan watan bai dace da takardar shaidarsu ba, wani lokaci ma ta manta daga ina za ta tashi. Mai ita sai ya ce ta haukace. Wata kuma sai ta yi ta kuka ƙit-ƙit, fuska baƙi ƙirin. Mai gyara ya zare ram, wato ɗan allon ƙwaƙwalwar inji, ya goge haƙoransa masu ruwan zinariya da kilinar 'yan makaranta, ya hure ƙurar hunturu daga ramin, ya mayar, ta kama aiki. Akwai kafasitoci, 'yan gwangwanaye da ke tsaye kusa da furosesa, waɗanda kansu kan kumbura ko ya tsattsafo da wani abu ruwan ƙasa. Injunan farkon shekarun 2000 sun yi fama da wannan cuta, kuma mai hannu yana cire su da dalma ya dasa sababbi. A duk waɗannan, alamar mutuwa ce ta bayyana, ba mutuwar ba. Alƙalin da ya yanke hukunci bai saurari shaida ba ya yi zalunci ko da ya dace da gaskiya. Haka wanda ya ce inji ya mutu bai sa an duba ba.

Wani zai ce, bayan an sauya batir, an ƙara ram, an cire tsohuwar ma'adana an sa SSD, an canja akwatin wuta, ai ba tsohuwar kwamfutar ba ce kuma, sabuwa aka saya a tsittsinke. Tsohuwar muhawara ce. Tsohon marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka riƙa sauya wa katako ɗaya bayan ɗaya, har masana suka rabu a kan ko shi ne ko wani ne. Abin sha'awa, Microsoft ya ɗauki matsaya a wannan gardama: a wajensa, sauya madabod kamar sauya inji ne, shi ya sa lasisin Windows kan nemi a sake tabbatar da shi. Malaman Malikiyya kuwa ba su tsaya kan wannan ba. Cikin sharuɗɗan abin da ya halatta a sayar, sun sa ya zama mai amfani. Abin da ke sa abu ya zama dukiya shi ne manfa'arsa. Da wannan ma'auni, ko a kira injin tsoho ko sabo, muddin yana buga takardar ɗalibi kuma yana koya wa yaro inda haruffa suke kafin ya shiga zauren JAMB, dukiya ce mai alfarma.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka ƙofa ce a buɗe. Mai shagon da mutane ke kawo wa lambar NIN da bayanan banki don cike fom yana riƙe da amana, kuma tsimin kuɗinsa bai kai darajar sirrin jama'a ba. A nan dokar kawar da cuta tana gaba da kiyaye dukiya. Amma a lura da abin da wannan hujja ta tabbatar: manhajar ce ta tsufa, ƙarfen yana nan. Ana iya ɗora wa injin Linux Mint ko Lubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta su. Ana iya raba shi da intanet a bar shi ga aikin bugu da koyarwa. Hujjar tsaro tana wajabta sauya wa inji aiki ko manhaja. Ba ta kai ga wajabta jefa shi a juji ba.

Akwai kuma lissafin wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur tana cin lantarki ninkin abin da ta tafi-da-gidanka ke ci, ba ta da batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kowace sa'a a kan janareta kuɗi ce. Wanda ya nace wa gyaran da ya fi sayen wani tsada, yana rufe shago kwana uku a mako, ya faɗa cikin wata tozartawar, ta lokaci da ta mai. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi waɗanda suka tsaya tsakanin ɓarna da ƙwauro. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, domin shi ma lissafi ne da aka yi bayan an duba.

Saura masu cewa duk wannan talauci ne aka naɗa wa rawani, muna karɓar sharar wasu muna kiranta ƙana'a. Akwai gaskiya mai ɗaci a ciki. Nijeriya ba ta manta da gubar da aka jibge a Koko a 1988 ba, shekara guda kafin yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sai dai laifin yana wuyan wanda ya cusa matattun injuna cikin masu rai ya sayar, irin mai tsibin abincin nan na hadisin Muslim da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Haka mai gyaran da zai ce madabod ta ƙone don ya saye ta a banza ya cire ram ya sayar. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Mai gyara na gaskiya kuwa jinkirta ranar juji yake yi. Idan allon ya mutu da gaske, hannun 'yan jari-bola yake komawa, a ɓalle abin da za a ɓalle, a cinna wa wayoyi wuta don a fitar da jan ƙarfe, dalmar da ke jikinsa ta bi hayaƙi da ƙasa, sau da yawa kuma yaro ne ke tsugune a gaban wutar.