Bakan Ruwa da Hukuncin Al'ada

Duk wanda ya taɓa riƙe tiyo yana ban-ruwa a lambu ya san wani abu da ba a aji ya koya ba. In ya kwantar da bakin tiyon, ruwan ba ya nisa zai sha ƙasa. In ya ɗaga shi sama sosai, ruwan kansa zai dawo ya jiƙa masa riga. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata kusurwa da ruwan ke kai wa kwamin da ya fi nisa, kuma hannu kan gano ta da kansa. Abin da hannu ya gano, lissafi ya faɗe shi da lamba: digiri 45, in an cire tasirin iska daga maganar. Ruwan da ke fita da gudun mita 10 a sakan guda zai sauka a nisan mita 10 da 'yan kai a wannan kusurwa, in kuwa aka karkata zuwa digiri 30 ko aka ɗaga zuwa 60, duka biyun wuri ɗaya za su sauka, kusan mita 8.8, ɗaya ya bi ta ƙasa-ƙasa, ɗaya ya yi tozo. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ta girmi tiyo da injin ban-ruwa. In ɗan adam zai iya ɗaukar alƙalami ya faɗi inda ɗigon ruwa zai sauka tun kafin a buɗe famfo, me ya rage ga ikon Allah a cikin tafiyar wannan ɗigon? Ni dai a ganina babu abin da ya ragu, kuma lissafin da kansa ne ke ba da shaida.

Galileo ne ya nuna a littafinsa na 1638 cewa abin da aka jefa yana tafiya biyu a lokaci guda: gaba da gudun da ba ya canzawa, ƙasa da gudun da ke ƙaruwa, haɗuwarsu ce ke zana wannan lanƙwasa mai kama da baka. Almajirinsa Torricelli ya ɗauki maganar ya kai ta ga ruwa a 1644. Ya ce ruwan da ke tsartowa daga hudar tanki yana fita da gudun da dutse zai samu in ya faɗo daga saman ruwan zuwa daidai hudar. Kowa zai iya gwada wannan a tsakar gida. A cika duro mai tsayin mita ɗaya, a aje shi a ƙasa, a huda shi wuri uku: santimita 20 daga sama, tsakiya, da santimita 20 daga gindi. Hudar ƙasa ta fi ƙarfi amma ba ta da tazarar faɗuwa, ta sama tana da tazara amma ba ta da ƙarfi, sai ka ga su biyun sun haɗu a wuri guda, kusan santimita 80 daga duron, ta tsakiya kuwa ta tsallake su ta kai kusan mita ɗaya. A Kano haka ne, a Damagaram haka ne, a Firenze inda Torricelli ya yi aikinsa ma haka ne.

To amma a duba abin da ke cikin lissafin. Ana ninka gudun ruwan da kansa, a raba da wata lamba, 9.8, wadda ita ce ma'aunin yadda ƙasa ke jan abin da ke kanta. Daga ina wannan lamba ta zo? Babu wanda ya zauna ya fito da ita daga hankalinsa yadda ake fito da cewa biyu da biyu huɗu ne. Aunawa aka yi aka same ta haka. A duniyar wata lambar 1.6 ce, abin da aka jefa can zai ninka nisansa na nan sau shida. Mai gardama zai ce ai Newton ya bayyana dalili tun 1687, cewa 9.8 ta fito ne daga nauyin duniya da girmanta. Gaskiya ne, sai dai ƙa'idar Newton ita ma ta jingina da wata lamba da ba a san girmanta ba sai bayan gwajin Cavendish na 1798, kuma ita ma aunawa aka yi. An dai matsar da tambayar taki ɗaya baya. Duk zurfin da aka yi, a ƙasan rijiyar ana tarar da wani abu da yake haka alhali hankali ba ya ganin abin da zai hana shi zama daban.

Wanda ya karanta tauhidi a zaure ya san sunan wannan. Littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, waɗanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, sun bambanta hukuncin hankali da hukuncin al'ada. Na farko shi ne abin da kishiyarsa ba ta shiga hankali. Na biyu shi ne haɗuwar abu da abu da muka sani ta hanyar maimaituwa, kamar ƙoshi bayan cin abinci. Bakan ruwa ya ƙunshi duka biyun, kuma nan ne mutane ke rikicewa. Cewa digiri 45 ce ke ba da nisa mafi tsawo, muddin an yarda da sharuɗɗan Galileo, hukuncin hankali ne, ba makawa. Amma cewa duniyar nan tana bin waɗannan sharuɗɗan, yau da gobe da jibi, al'ada ce da aka gudanar. Lissafi na iya gaya maka abin da zai biyo baya in al'adar ta ɗore. Ba shi da bakin da zai gaya maka abin da ya ɗorar da ita.

Ƙorafi mafi nauyi daga cikin gida ya fito. Bayan Imam Gazali ya kawo misalin wuta da auduga ya ce haɗuwarsu da ƙonewa ba tilas ba ce a hankali, Ibn Rushdi na Kurɗuba ya mayar masa da martani cewa wanda ya rushe sabubba ya rushe ilimi baki ɗaya. Ƙorafi ne da ya cancanci a tsaya masa, domin in ruwa zai iya tashi yamma yau ya tashi gabas gobe, wa zai gina famfo? Sai dai Gazali bai ce al'ada tana rawa ba. Ya ce ɗorewarta ba daga kanta take ba, kuma Allah ya sanya mana sanin cewa za ta ci gaba. Shi ɗin dai ne ya gargaɗi masu son addini cikin jahilci da ke musun lissafin husufin rana da wata, ya ce ɓarnar da suke wa addini babba ce. Tarihi ma bai goyi bayan tsoron Ibn Rushdi ba. 'Ya'yan Musa ibn Shakir su uku sun rubuta Kitabul Hiyal a Bagadaza wajen shekara ta 850, da maɓuɓɓugan ruwa masu sauya siffar feshinsu da kansu, kuma al-Jazari ya kammala nasa littafin na'urori a 1206, kusan shekara ɗari bayan rasuwar Gazali. Wanda ya gaskata cewa Mai tsarin ba ya wasa, shi ya fi kowa dalilin auna tsarin da kyau.

Akwai kuma wata kariya da wasu masu kyakkyawar niyya ke kawowa, wadda nake ganin illarta ta fi amfaninta. Maɓuɓɓugar da ke tafkin Janiba a Suwizalan tana harba lita 500 a sakan guda da gudun kilomita 200 a awa. Lissafin Galileo ya ce ruwan zai kai kusan mita 157, amma a mita 140 yake tsayawa. Sai wani ya nuna wannan giɓi na mita 17 ya ce ga inda ilimin ɗan adam ya ƙare, ikon Allah ya fara. Wannan kuskure ne. Giɓin iska ce ta ci shi: ruwan na rabuwa ɗigo-ɗigo, iska na tare kowane ɗigo, kuma injiniyoyi na lissafa wannan ma. Dalilin ke nan da 'yan kwana-kwana ke samun nisa mafi tsawo in sun riƙe tiyo wajen digiri 30 da 'yan kai, ba 45 ba. Wanda ya ajiye imaninsa a cikin giɓin, duk ranar da aka cike shi da lamba sai ya nemi wani giɓin ya koma. Mita 140 da lissafi ya kama ba su fita daga hannun Mahalicci don an kama su ba, kamar yadda sanin ranar da damina ke sauka bai mayar da manomi mai saukar da ita ba. Ruwan na tashi, yana rage gudu da mita 9.8 a kowane sakan har da abin da iska ta ƙara, ya tsaya a ƙololuwa kamar ƙiftawar ido, ya juyo. In iskar ta yi ƙarfi, masu kula da maɓuɓɓugar su kashe injin don kada feshin ya jiƙa mutanen gari.