Kaburburan Hijr da Ladabin Mai Ziyara

A arewacin Madina, kusa da garin Al-Ula, akwai wani fili mai yashi inda jajayen duwatsu ke tsaye warwatse, an sassaƙa musu ƙofofi fiye da ɗari, yawancinsu masu ginshiƙai da ado. Nan ne Hijr, ko Mada'in Salihu, wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya, a 2008. Tun da ƙasar ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019 baƙi ke tururuwa zuwa can, tsohuwar tambaya kuma ta sake tasowa: ya halatta Musulmi ya niƙi gari ya je kallon inda aka halaka mutanen Annabi Salihu?

Masu hanawa ba da ka suke magana ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijr a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai in suna kuka. Ya sa aka zubar da ruwan da suka ɗebo, ƙullin da suka kwaɓa da shi aka ba raƙuma, shi kuma ya lulluɓe kansa ya ƙara sauri har ya bar kwarin. Ibn Baɗuɗa, da ya bi ayarin alhazan Sham a 1326, ya tarar mutane na ƙin taɓa ruwan rijiyar Hijr komai tsananin ƙishirwa.

Sai dai hanin ya zo da togaciya, kuma a cikin togaciyar hukuncin yake. An bar ƙofa a buɗe ga wanda zuciyarsa ta girgiza, an rufe ta ga gafalalle. Alƙur'ani ya sha maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma a Suratus Saffat ya zargi Ƙuraishawa da ratsa kufan mutanen Annabi Luɗu safe da dare ba tare da sun hankalta ba. Laifinsu rashin hankaltar ne. Da wuya a ce shari'a ta umarci mutum ya duba, sannan ta haramta masa isa wurin da zai duba ɗin. Saurin da Annabi ya yi yana koya mana kada a mayar da wurin masaukin hutu, a shimfiɗa tabarma a dafa shayi.

Daga ɗaya ɓangaren akwai masu cewa ai maganar ma ba ta taso ba. Rubutun da ke saman ƙofofin na Nabaɗiyawa ne, mutanen da suka sassaƙa birnin Petra na ƙasar Jodan, waɗanda Rumawa suka haɗiye daularsu a shekara ta 106. Yawancin rubutun na ƙarni na farko ne na miladiyya, kuma ɗakunan kaburbura ne na masu hali, da sunan mai kabari, da tsinuwa da tara ga duk wanda ya sayar ko ya binne baƙo a ciki. Duk wannan gaskiya ne, amma masu kafa hujja da shi sun yi gaggawa. Samudawa, mutanen Annabi Salihu, sun daɗe da riga Nabaɗiyawa, har rubutun sarakunan Assuriya na ƙarni na 8 kafin miladiyya ya ambace su, kuma zuwan wata al'umma daga baya ba ya shafe abin da ya auku a ƙasar. Ko da ma an sallama cewa maƙabarta ce kawai, to ziyarar maƙabarta an shar'anta ta ne don tuna lahira. Ta kowace hanya aka bi, ladabin ɗaya ne.

Inda hujjar masu hanawa ke da kaifi shi ne yadda ake tallan yankin yanzu. Gaskiya ne garin Al-Ula daban yake da Hijr, Musulmi sun zauna a cikinsa shekaru aru-aru, zango ne na alhazai, don haka hawan duwatsunsa da yawo a gonakin dabinonsa ba su shiga cikin hanin ba. Amma bikin hunturu na Tantora da aka fara a 2018, da zauren kiɗa na Maraya mai bangon madubi, ana haɗa su da kaburburan cikin tafiya guda, baƙo ya ɗauki hoto yana murmushi a gaban kabarin Ƙasrul Farid da rana, da dare ya tafi kallon mawaƙa. Irin wannan ziyarar ce hadisin ya hana.