Shingen Garka da Haƙƙin Ɗan Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya fitar da tsirrai daga ƙasa, Ya sanya abinci a wasu, magani a wasu, dafi a wasu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, ga wata mas'ala. Mutum ya dasa cini-da-zugu ya kewaye garkarsa domin tsare ta daga awaki, sai ɗan maƙwabci ya tsinci ƴaƴan ya ci, aka kwana da shi gidan likita. Shin akwai wani abu a wuyan mai shingen?

Mu mutanen ƙasar Magarya da Dungas mun san darajar itace. Tun shekarun 1980 manomanmu suka koma barin gawo yana tashi a gonaki, har ƙasar da ta gaji ta farfaɗo. A garake na kwarin Korama, wajen Bande da Wacha, inda ake noman rake da rogo, shinge shi ne mai gadi. Kuma abin da ya sa aka zaɓi cini-da-zugu da aguwa shi ne dabba ba ta cin su. To, dabba Allah Ya hore mata ƙyamarsu, amma yaro ɗan shekara huɗu ba shi da wannan kariya. Ƙwayar cini-da-zugu tana da garɗi irin na gyaɗa, ƴan kaɗan sun isa su kawo amai da gudawa mai ƙarar da ruwan jiki. Haka ƴaƴan zurma idan aka tauna su. Nonon tumfafiya kuwa, in ya shiga ido, gani yakan dushe kwanaki.

Mai shinge zai ce: "Cikin mulkina na dasa." Maganarsa tana da tushe. Imam Malik, Allah Ya jiƙansa, ya bambanta a cikin Muwaɗɗa tsakanin wanda ya haƙa rijiya inda ya halatta gare shi da wanda ya haƙa a hanyar Musulmi inda bai halatta ba: na biyun ne ke ɗaukar lamunin abin da ya faɗa ciki. A littafin ne kuma aka kawo hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a gonar wani, inda aka ɗora tsaron gona da rana a kan masu ita, tsaron dabbobi da dare a kan masu su. Ku lura, ba a bar kowa hannu sake ba, an raba nauyin ne.

Sai dai shinge ba a tsakiyar gona yake ba. Fuskarsa ɗaya tana duban mai shi, ɗayar tana duban turbar da almajirai ke bi zuwa makarantar allo, kuma ƴaƴansa can suke zuba. A ganina, ko da alƙali bai ci shi tara ba, wanda ya san dafin abin da ya dasa ya yi shiru ya tauye haƙƙin maƙwabtaka. Kawar da abin cutarwa daga hanya, kamar yadda muka karanta, yanki ne na imani. Ina ga wanda hannunsa ne ya ajiye shi?

Ba a ce a tumɓuke shinge ba, talaka ba ya da kuɗin waya. A sassabe reshen da ya leƙa hanya, a tsinke ƴaƴan tun suna ɗanye, a gaya wa iyaye mata, malamin allo kuma ya nuna wa yaransa itacen ido da ido.

Zaƙami, wanda kakanni suka kira haukata-yaro, hukuncinsa daban ne. Ba ya tsare gona. Yana fita ne kan juji da bayan gida, wasu samari su jiƙa ƴaƴansa a abin sha wajen biki, hankali ya gushe, baki ya bushe, jiki ya ɗau zafi, wani ma bai farkawa. Wanda ya bar shi a ƙofar gidansa alhali ya san masu tsinkarsa ba shi da uzurin mai garka.

Idan ƙaddara ta riga fata yaro ya ci, kada a ɗura masa nono ko manja, kada a tura masa yatsa ya yi amai. A gaggauta kai shi likita, a riƙo reshen itacen da ƴaƴansa a nuna wa ma'aikaci. Ido kuwa a wanke shi da ruwa mai tsabta, da yawa, kafin a kama hanya.