Ɗaurin Taya da Iyakar Riƙo da Sababi

Idan mai faci ya gama aiki ya mayar da taya, sau da yawa sai ya sa sifana a noti, ya zura mata bututun ƙarfe, ya hau da ƙafa yana dannawa har notin ya yi kuka. Mai mota na tsaye yana gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. A ganinsa an yi riƙo da sababi, saura tawakkali. In aka tambaye shi hujja, zai kawo hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Hadisin dai ya yi umarni da ɗauri. Shin duk ƙarin ƙarfi ƙarin biyayya ne ga umarnin?

Ƙarfe ya ce a'a. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa notin tayar Corolla ƙarfin murɗa na mita-Newton 103, wato kamar a rataya kilo 10 da rabi a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. Mutum mai kilo 70 da ya tsaya a kan bututu mai rabin mita yana ba notin sama da 340, fiye da ninki uku. Ƙusar da notin ke hawa tana ɗan miƙewa idan an ɗaure ta, kuma wannan miƙewar ce ke matse taya. In an wuce iyaka sai ƙarfen ya miƙe bai koma ba, ya raunana, wata rana ya tsinke a kan hanya. Ranar kuwa za a ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ba shakka, amma da hannun wanda ya hau bututu a ciki.

Don haka aka ƙera sifana mai awo. A jikin mariƙinta akwai lambobi. Mutum ya murɗa ya saita adadin da littafin motarsa ya faɗa, ya ja a hankali, da ya kai sai ta yi "ƙas". Nan ake tsayawa. Abin mamaki, a nan mutane da yawa ke kasawa: sun ji ƙarar, amma zuciya ta ce a ƙara kaɗan don a tabbata. Wannan "kaɗan" ɗin tsohon ciwo ne da malamai suka sani da sunan guluwwi. Buhari da Muslim sun kawo labarin mutanen da suka raina ibadarsu, har wani ya ce ba zai ƙara barcin dare ba, wani ya ƙudurta abin da ya fi ƙarfin jiki, wani ya haramta wa kansa aure. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma Annabi (SAW) bai yarda da su ba. Mai ƙara murɗa bayan "ƙas" shi ma ba mugu ba ne. Ya dai fifita abin da ransa ke ji a kan iyakar da aka gindaya masa.

Zaɓen sifanar ma yana bukatar sanin gwargwado. Mai baki rabin inci, wadda ke kamawa daga wajen mita-Newton 40 zuwa 200, ita ce ta taya. Fulogi da notin zubar da baƙin mai suna son ƙarama, domin babbar ba ta faɗin gaskiya a ƙasan ma'auninta. Ba a kwance noti da ita, ba a ƙara mata bututu, ba a jefar da ita ƙasa. In an gama a mayar da lambar can ƙasa kafin a ajiye, saboda sifirin da ke ciki kada ya kwana a matse. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 kuma a sake bin notocin.

Sai dai ma'aunin kansa yana kaucewa. Ƙa'idar ISO 6789 ta ce a sake gwada shi duk wata 12, ko bayan amfani sau 5,000. Musulunci ya daɗe da sanin wannan matsala: Suratul Muɗaffifin ta yi gargaɗi ga masu tauye awo, kuma a garuruwan Musulmi na da, muhtasibi kan zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli. Ɗan kasuwa zai iya zama mai gaskiya alhali sikelinsa ya karkace bai sani ba, kuma mai saye ya cutu duk da haka. Mai gyaran motarsa a gida ba shi da muhtasibi, aikin ya koma wuyansa. Zai iya matse bakin sifanar da abin kama ƙarfe, mariƙin a kwance, ya saita ta a 78, ya rataya kilo 20 a tazarar santimita 40 daga tsakiyar bakin. In ta yi ƙara a kusa da nan, lafiya lau. In ba ta yi ba, kafin ya zargi sifanar sai ya fara tabbatar da cewa abin da ya rataya kilo 20 ne da gaske.