A Ƙwace Ko A Karanta?

Mai karatu, ɗauka kai ne malamin Hausa a wata sakandare a Zuru, sai ka kama ɗalibarka da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙarƙashin benci. Me za ka yi? Da yawa za su ce a ƙwace. A 2007 ma gwamnatin Shekarau a Kano har ƙona littattafan soyayya ta yi da sunan gyaran tarbiyya. To amma wuta takarda take ci, ba ta taɓa abin da ya riga ya shiga zuciya.

Yarinyar da ta karance littafi sukutum ba bulala, ai ta yi maka rabin aiki. Fito da shi fili, ka tambayi ajin: Sumayya 'yar masu kuɗi ta so talaka, da a ƙasar Zuru ne, inda saurayi ke golmo, ya shekara da shekaru yana yi wa surukai noma, dukiya za a duba ko ƙwazo? Nan take muhawara za ta kaure, har mai gyangyaɗi ya wartsake.

Ba duk littafi ko fim ne alheri ba, gaskiya ne. Amma hani a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa, iya tantancewa kuwa har gida yake raka yaro.